Kujerar Malam Abdu Mai Rubutun Wasiƙa

Ku samarin da kuke zama a kan bencin nan kuna dafa shayi, na sha jin kuna cewa aikina ba wani aiki ba ne. Wai kujera ce kawai, a kifa ta, a ɗaure bis huɗu, ƙusoshin nan masu zare, a miƙa hannu a karɓi kuɗi. Ba na jin haushi, don ni ma haka na ɗauka ranar da aka kai ni koyo. Amma tunda yau an ɗauke kuran, ba wutar lantarki, injin walda ya yi shiru, ku matso in gaya muku abin da ke ƙarƙashin kujerar nan da kuke gani a kife.

Ni Hamisu, a wani ƙauye na ƙasar Safo aka haife ni, gidan noman gero da wake. Ina da shekara goma sha bakwai, bayan an gama ɗaurin gero, ƙanen babana ya kai ni Maraɗi wurin wani mai walda, Malam Lawali. Ƙofofi yake yi da gadaje da amalanken jaki. Gyaran kujerun biro, wato na ofis, irin masu taya da ke juyawa su kwanta baya, aikin gefe ne a wurinsa. Sai dai duk unguwar an san cewa in ka kai wa wani mai walda irin wannan kujera, liƙe ta zai yi ta sandare kamar kututture. Malam Lawali shi ke buɗe ta ya mayar mata da motsinta.

Kujerar farko da ya ba ni baƙa ce, fatar hannuwanta duk ta ɗaye, an kawo ta daga wani biro a bayan amalanke. Ya ce in kwance farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauni in wanke, ya juya ya ci gaba da yankan ƙarfensa. Na ga wani dunƙulen roba a gaban farantin, na kama murɗawa. Yana ta sassautawa, ni ina ta jin daɗi aiki na tafiya. Da ya kai ƙarshen zare sai wani abu ya yi tsalle daga ciki, ya goge ni a gira, ya bugi kwanon rumfa. Ga tabon nan har yanzu. Malam Lawali ya ajiye abin da ke hannunsa, ya buɗe idona ya ga ba a taɓa shi ba, sannan ya je ya tsinto abin a cikin yashi ya sa mini a tafin hannu.

"Wannan shi ne risor," in ji shi. "Shi ke tare bayan mutum idan ya jingina. Abin da ke tare ƙato mai tumbi, shi kake kwancewa da fuskarka a kai?"

Ranar ya zaunar da ni ya nuna mini cikin farantin, kuma abin da ya nuna mini shi nake ci da shi har yau. Farantin biyu ne a haɗe. Na sama yana riƙe da mazauni, na ƙasa yana zaune a kan famfon da ke ɗaga kujera ya sauke ta. Abin da ya haɗa su ƙusa ce guda ɗaya mai kaurin ɗan yatsa, wadda ta ratsa su daga gefe zuwa gefe. Mu aks muke ce mata. A kanta kujera ke lilo. Risor yana hana mutum tafiya baya gaba ɗaya, dunƙulen roba yana ƙara wa risor ƙarfi ko ya rage masa gwargwadon nauyin mai zama, hannun da ke gefe kuma yana kulle lilon idan mutum yana so ya zauna a miƙe ya yi rubutu. Iyakar abin ke nan, a yini ɗaya za ku haddace. Amma duk nauyin mutum, da duk jinginar da zai yi daga safe zuwa la'asar, a kan wannan ƙusa guda suke sauka.

Shekara shida na yi a hannunsa. Ta farko ban taɓa injin walda ba, wankin faranti kawai nake yi da kananzir da tsohon burushin haƙori, in shafa gires in mayar. Kayan aikin ba su da yawa. Kile na kwance noti mai lamba goma sha uku da mai goma sha bakwai, marto wato guduma, awartaki, guntun bututu na fitar da famfo idan ya cije, sai magagari na goge ƙarfe. A cikinsu duka magagarin ya fi ɗauka da girma. Duk ƙarfen da za a yi aks da shi sai ya goga masa magagari tukuna. In magagari ya zame yana siririyar ƙara, ƙarfen kirki ne. In ya kama ya ci, gari na zuba, to mai taushi ne, na ƙofa ne ko na gado. Yakan jawo hulata ya rufe mini ido, ya goga, ya ce in faɗa da kunne kawai. Mun yi ta yin haka har na kai ba na kuskure.

Da ya yaye ni ya ba ni kile biyu da magagari ɗaya, na dawo nan Madarunfa na kafa rumfa a bakin hanya. Mutane suka ce ina zan samu kujerun biro a garin manoma da masunta. Gaskiyarsu, ƙofofi da amalanke su suka riƙe ni shekarun farko. Amma sai 'yan kasuwa suka fara shigo da kujeru na hannu daga Najeriya, kowa ya ga ta maƙwabci ya yi sha'awa. Mai kantin magani yana so, mai tura kuɗi yana so, diraktan lakwal, wato shugaban makaranta, yana so, balle ma'aikatan gwamnati. Su kuwa kujerun sun riga sun sha zama a wata ƙasa kafin su iso mu, ga yashinmu da ke shiga kowane lungu ya haɗu da gires ya zama kamar dutsen niƙa. Ba a daɗe ba aka san hanyar rumfata.

Kujerar Alhaji Mamman, mai manyan motocin da ke ɗaukar wake zuwa Najeriya, sau uku aka kawo mini ita a shekara ɗaya, kullum ta karkace hagu. In daidaita farantin, bayan wata huɗu ta dawo. A karo na huɗu na ce ba zan taɓa ta ba sai na ga yadda ake zama a kanta. Na je tasha na tsaya a bakin ƙofarsa, lokacin yana kan wata ta aro. Sai na ga Alhaji ya naɗe ƙafar dama a ƙarƙashinsa, ya kwanta kan hannun hagu, waya a kunne, yana faɗa da wani direba da ya maƙale a hanya. Da ya gama na ce, "Alhaji, kujerar ba ta da laifi, zaman ne."

Ya ce, "To zamana za ka gyara ko kujerar?"

Na ce kujerar. Na ƙara wa gefen hagu ƙarfe mai kauri, na sa mata risor na wata babbar kujera da ta mutu. Ta yi shekaru ba ta dawo ba. Tun daga nan, in aka kawo mini kujera, kafin in ɗauki kile nakan tambayi wa ke zama a kai, yaya jikinsa yake, kuma wane aiki yake yi.

Wadda nake so ku ji labarinta sosai ita ce ta Malam Abdu. Tsoho ne siriri mai farin gemu, yana da tebur a ƙarƙashin wata bedi, itacen dogon yaro, kusa da birorin gwamnati. Wanda bai yi lakwal ba, in yana son takardar neman aiki, ko ta ƙorafin gona, ko ta neman takardar haihuwa, wurinsa yake zuwa. Mutum ya faɗa da Hausa, Malam ya rubuta da Faransanci, a ba shi dala ashirin ko abin da ya sawwaƙa. Da wannan alƙalamin yake ciyar da gidansa. Yana da ciwon baya tun wata faɗuwa da ya yi daga keke yana saurayi, benci ba ya zaunuwa gare shi. Sai ya sayi wata tsohuwar kujera shuɗiya da aka fitar daga wani biro ya kawo mini, farantinta ya yi tsatsa ya cije. Kwana uku na jiƙa shi a kananzir kafin ya motsa. Ranar da ya zauna ta yi baya da shi a hankali ta tsaya daidai inda bayansa ke so, sai ya ce rabonsa da zama babu zogi tun kafin a haifi 'yarsa ta fari.

Yana da yadda yake aiki da ita. In mai buƙata ya zauna ya fara bayani, sai Malam ya saki hannun kulle, ya jingina, ya lumshe ido. Wanda bai san shi ba sai ya ce barci yake yi. In bayani ya ƙare sai ya dawo gaba, ya kulle, ya ɗauki alƙalami ya rubuta daga farko har ƙarshe ba gogewa. Yakan ce in bai jingina ba, ba ya jin abin da mutum yake nufi, abin da ya faɗa kawai yake ji. Duk shekara kafin damina nakan je in kifa kujerar a gindin bedin, in wanke, in shafa gires, shi yana tsaye yana ba ni labarin gari.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo. Kun san ta, ba sai na gaya muku yadda kasuwa ta koma ba. Kafin nan, duk wata biyu nakan tsallaka Katsina in sayo matattun kujeru, in farke su, in tara aks da risor da taya a cikin wani akwatin ƙarfe. Da hanya ta rufe, akwatin ya yi ta raguwa har na ga gindinsa. Masu bin hanyar daji ba za su ɗauko maka matacciyar kujera ba, suna da kayan da ya fi ta. Gonarmu ta ƙauye ma ba ta yi abin kirki ba, ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai. Aikin ƙofa ya tsaya, don wanda ke awon tiya ba ya gina ɗaki. Akwai makon da ban kunna injin walda ba ko sau ɗaya.

A cikin wannan hali aka kawo mini kujera wadda aks ɗinta ya cinye ya sirance. Babu sabo, babu tsoho. Na dubi wani guntun ƙarfen gini da ya rage daga aikin taga, kaurinsa ya yi daidai. Na goga masa magagari, magagari ya ci shi kamar ɗanyen rogo. Na ji da kunnena. Na ce a raina na ɗan lokaci ne, kafin a buɗe hanya. Na goge ƙurajen jikinsa, na zura shi, na liƙa masa zobe a baki da walda don kada ya fita, na zuba masa ruwa ya huce. Kujera ta yi lilo lafiya lau, mai ita ya yi godiya ya tafi. Da na ga ta wuce sai na yi ta biyu, na yi ta uku. Cikin wata biyar na yi tara, kuma ban gaya wa ko ɗaya daga cikin masu su abin da na sa ba. Ta bakwai ita ce ta Malam Abdu.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina tsugune ina gyaran ƙafar amalanke, sai ga Rabi, 'yarsa ta fari. Matar aure ce a unguwar bayan masallaci, ta yi lakwal har kolej. Ta yi sallama, na nuna mata benci ba ta zauna ba.

"Kawu Hamisu, Baba ya faɗi," in ji ta. "Ya jingina yana sauraren wata mata, sai mazaunin ya rabu da ƙafafun. Ya tare da hannu. An kai shi wurin mai ɗori."

"Wane hannun?"

"Na dama."

Ta kwance bakin mayafinta ta ajiye wani abu a kan teburina. "Wannan a ƙarƙashin tebur na tsince shi. Na ce ko za ka san mene ne."

Ƙarfena ne. Ya lanƙwashe a tsakiya, zoben da na liƙa ya ɓalle daga inda ruwan da na zuba ya sa waldar ta yi gautsi. Na sa shi a aljihu, na rufe rumfa, na bi ta.

Na tarar da shi a zaure kwance a kan tabarma, an ɗaure hannun da karare daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Maƙwabta biyu suna zaune suna yi masa sannu. Ɗayan yana cewa dama kujerar nan ta tsufa, an daɗe ana ce masa ya rabu da ita. Malam ya ce ƙaddara ce, shi da ita duk sun tsufa. Ba wanda ya zarge ni. Har aka matsa mini wuri, aka ce ga mai gyara ya zo, shi ma zai faɗa muku ƙarfe yana gajiya. Na so in jira su tafi, amma ba su da niyyar tashi. Na ciro ƙarfen na ajiye a bakin tabarma.

"Malam, ba tsufan kujera ba ne. Ni ne. Ƙarfen da na sa mata ba na wurin ba ne, na gini ne. Na san ba zai daɗe ba, kuma na sa."

Ɗaya maƙwabcin ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannun hagu. Ya daɗe yana kallon ƙarfen.

"Tawa kaɗai ka yi wa haka?"

"A'a."

"Guda nawa?"

"Tara, har da taka."

"Su takwas ɗin, yanzu haka akwai mutane a kansu?"

"Akwai."

"To me kake yi a zaurena? Ni tawa ta riga ta faru. Tashi ka je."

Huɗu suna cikin gari, ɗaya a Safo, ɗaya a Sarkin Yamma, biyu a Gabi. Na ƙauye na kira su a waya na ce a ajiye kujerun gefe kada kowa ya zauna sai na zo. Na cikin gari na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, kuma kowanne sai na maimaita masa abin da na faɗa a zaure. Mai kantin magani ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta. Alhaji Mamman, wanda tasa na ciki, ya miƙe tsaye daga kanta kamar an ce masa akwai kunama.

"Ni ka sa wa ƙarfen gini? Duk shekarun nan da nake kawo maka aiki?"

Na ce zan canza shi da na kirki, ba ko dala. Ya ce ba ya so. Ya sa aka ɗora kujerar a mota aka yi Maraɗi da ita, kuma kafin magariba duk tasha ta ji.

Washegari da safe ni ma na shiga motar Maraɗi, na je wurin Malam Lawali. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, zama kawai yake yi a rumfar 'ya'yansa na aiki. Bayan mun gaisa na sa masa ƙarfen a hannu, na gaya masa komai. Ya ce a miƙo masa magagari. Sau ɗaya ya goga.

"Kunnenka ne ya mutu?"

"A'a, Malam. Na ji."

"Gara da ka ce haka. In da kunnen ne, ba ni da maganinsa." Ya jefar da ƙarfen cikin tarkace. "Kafin a fara kawo matattun kujeru daga Najeriya, da me kake tsammani muke yin aks? Da ka zo ka tambaya, kuɗin mota kawai za ka kashe."

Ya dafa kafaɗata muka taka zuwa inda ake farke tsofaffin moto, wato babura. Ya sa aka tono masa amortisa, wato abin da ke rage wa moto girgiza, aka fasa, aka zaro wata sanda mai ƙyalli daga ciki. Ya goga mata magagari, magagari ya zame yana waƙa. Ya ce in yanka daidai tsawon faranti, amma kada in kuskura in sa mata wuta ko ruwa. In goge gefen bakinta kaɗan, in huda, in zura fil mai ƙafa biyu in buɗe ƙafafunsa. Ta haka ba abin da zai ɓalle, kuma ko mai kujera zai iya leƙawa ya ga fil ɗin yana nan. Na sayi goma sha biyu na zuba a buhu. Da zan tafi ya ce in gaishe masa da tsohon da ya karye, in ce masa wanda ya koya wa Hamisu aiki yana ba shi haƙuri.

Kwana huɗu na yi ina yawo a kan moto da buhun kayan aiki a baya. Ta Safo ba ta ba ni wuya ba. A Sarkin Yamma kujerar wata ungozoma ce a gidan likita. Wanda ya ɗauki wayata ya manta bai isar da saƙon ba, na tarar da ita zaune a kai tana cika takardun awo, ga ta ita kanta da tsohon ciki. Na roƙe ta ta tashi. Da na kifa kujerar, zoben ya riga ya ɓalle, ƙarfen ya fito waje kamar faɗin yatsa biyu. Saura kaɗan ya bar ramin. Na nuna mata. Ta duba, ta dube ni, ta shiga ciki ta kawo mini ruwa a moɗa. Na zauna a ƙasa na sha, sannan na ɗauki kile.

A Gabi diraktan wata lakwal ne da mai shagon tura kuɗi. Diraktan ya tsaya a kaina har na gama, sannan ya tambaye ni nawa ne. Na ce babu. Ya ce shi bai gane ba, mutum ya taso daga Madarunfa da man motonsa ya yi aiki kyauta, akwai wata magana. Na ba shi tsohon ƙarfen da sabon, na ba shi magagari, na ce ya goga wa kowanne. Ya goga, ya ji bambancin, na gaya masa abin da ya sami Malam Abdu. Sai ya ɗauki mabuɗi ya buɗe wani ɗaki. Kujeru uku ne a ciki da suka shekara a karye. Ya ce in zan iya tayar da su, a ɗora mini a amalanke.

Ba zan ce muku komai ya koma daidai nan take ba. Akwai waɗanda suka daina kawo mini aiki, kuma ban ga laifinsu ba. Alhaji Mamman ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwata sosai, sai da wani a Maraɗi ya liƙe masa kujerar ta sandare, sannan ya aiko da ita ba tare da saƙo ba. Na buɗe ta na mayar masa, muka ci gaba kamar da. An buɗe iyaka daga baya, matattun kujeru suka dawo, amma ni har yau sandar amortisa nake sawa, don ta fi wadda ake kawo kujerar da ita. Kuma duk wanda ya kawo aiki, a gabansa nake goga magagari. 'Yan tasha har sun mayar da shi abin tsokana, in na wuce su ce, "Hamisu, ka goga?" In ce na goga. Da wannan aikin na aurar da 'ya'ya uku, na rufe gidana da kwano, kuma ba ranar da tukunya ba ta hau wuta ba. Alhamdu lillahi.

Shi kuwa Malam Abdu, ni nake ɗaukarsa a moto zuwa wurin mai ɗori duk ranar da za a duba hannun. A hanya ba ya tayar da maganar kujera, labarin gari yake ba ni kamar da. Tun makon farko mutane suka fara taruwa a gindin bedi da takardunsu, ba mai rubutawa. Sai Rabi ta nemi izinin mijinta ta zo ta zauna a teburin a kan wata kujerar roba. Malam yana gefe a kan benci, an jingina masa matashi da kututturen bedin, yana saurare yana faɗa mata, tana rubutawa. Da farko maza suna ja da baya. Mata kuwa sai suka fara zuwa fiye da da, har da waɗanda a baya suke aiko ƙannensu maza.

Bayan wata biyu aka kwance ɗori. Ƙashi ya haɗe, amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasawa yadda suke yi. Yana iya riƙe alƙalami, sai dai in ya yi layi biyu hannun ya fara rawa. Kujerarsa tun tuni na gama ta, na sa mata sandar da ta fi kowace kyau a buhun, na ɗinke inda fatar ta yage a faɗuwar. Duk lokacin da na ce in kawo, sai ya ce in bar ta tukuna. Ban matsa ba. Ranar wata Litinin ya aiko a ce mini in zo da ita.

Na turo ta a kan tayoyinta tun daga nan har gindin bedi. Akwai mutum biyar ko shida a layi, duk suka juyo. Na kifa ta a gabansa na nuna masa fil ɗin, ya sunkuya ya taɓa shi da yatsa. Na mayar da ita kan ƙafafunta.

"Fara zama," in ji shi.

Na zauna, na saki hannun kulle, na yi baya da dukan nauyina, na dawo, na sake yin baya da ƙarfi har tayoyin gaba suka so ɗagawa. Wani a layi ya yi dariya. Na tashi.

Malam ya miƙe daga benci, ya dafa tebur da hannun hagu, ya zauna a hankali. Ya daɗe a miƙe bai motsa ba. Sannan ya saki bayansa kaɗan-kaɗan, kujerar ta tafi da shi har inda ta saba tsayawa, ta tsaya. Ya lumshe ido. Da ya buɗe ido sai ya dawo gaba, ya kulle ta da kansa, ya tashi.

"Rabi, dawo nan. Mai rubutu shi ke zama a kan wannan."

"Baba, bayanka fa?"

"Bayana ya saba da bedin. Zauna, mutane na jira."

Ta ture kujerar robar gefe, ta zauna, ta jawo takarda. Shi ya koma kan bencinsa ya gyara matashi, ya kira na gaba a layi, wani dattijo da ya zo kan maganar iyakar gona. Na tattara kile da awartaki na zuba a buhu. Har na juya zan tafi ya kira sunana.

"Hamisu. Gobe in ka samu sarari ka zo ka duba mini bencin nan. Ƙafa ɗaya na rawa."